Wasiƙar da Yaya Fanna Ta Sha

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake saukar da ciwo, Ya kuma san ranar da zai ɗauke shi ko Ya ɗauke mai shi. Ni ne Bukar, wanda ake ce wa Malam Bukar mai wasiƙa a cikin birnin Haɗeja. Na rubuta labarin jinyar yayata Fanna ne don 'ya'yana da jikokinta su karanta, ko a karanta musu. Na ce a karanta, ban ce a wanke a sha ba. In kun yi haƙuri za ku ji abin da ya sa nake wannan gargaɗi.

Yaya Fanna ta girme ni da shekara goma sha biyu. Innarmu ta rasu tun ba a yaye ni ba, don haka bayan da na sani na goyo nata ne. Ƙauyenmu yana hayin kogi, kan wani ɗan tudu cikin fadama, ta wajen hanyar Kafin Hausa. Da rani tafiyar rabin yini ce daga birni, amma in ruwa ya zo da damina sai tudun ya koma tsibiri. Kakanninmu daga Barno suka taso suka zauna nan suna su, ita kuwa Yaya bandar kifi ce sana'arta tun tana yarinya. Da hayaƙin bandar nan ta tura ni gabas karatu, na dawo na zauna a birni ina rubuta wa fatake masu zuwa Kukawa da Kano wasiƙu. Duk gari Malam ake ce mini, ita kaɗai take kirana Bukar gatsau, ko da a gaban baƙi ne.

Ciwon ya soma ne da saukar ruwan shuka. Makon farko abinci ne kawai ya fita ranta, aka ce zazzaɓin sabon ruwa ne, zai wuce. A mako na biyu 'yarta Kande, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da zama, ta lura idon uwar ya yi rawaya. Nan fa kowa ya zama likita. Wannan ya ce shawara ce, a jiƙa saiwar rawaya. Wancan ya ce sassaƙen maɗaci, a hana ta mai da nama. Wata gwaggonmu da ba ta taɓa yarda mutum ya yi ciwo don Allah ba ta ce hannu aka sa mata, don bandarta ta fi ta kowa kasuwa. Yaya ta sha duk abin da aka miƙo mata, ba ta taɓa ce wa mai kawo magani a'a ba, wai kada ya ji kunya. Wani wanzami ya kafa mata ƙaho a ciki, wani mai magani ya zo daga Kaugama ya tafi da tunkiyarta ya bar mata garin da ya sa ta kwana biyu tana amai. Har yau in na tuna mutumin nan sai na yi istigfari kafin bakina ya faɗi abin da ke raina.

A mako na huɗu ciki ya kumbura, ƙafafu suka kumbura, sauran jiki kuwa ya zube. Kogi bai cika ba tukuna, sai aka ɗoro ta a jaki aka kawo ta birni wajen wani tsohon wanzami da ke bayan kasuwa, wanda ake zuwa gunsa daga nesa. Muka iske zaurensa cike, ƙofar gida cike, har gindin durumi mutane ne kwance, masu karaya da masu ciwon ido da mata riƙe da jarirai. Tun hantsi muke zaune ba a kai kanmu ba sai bayan la'asar. Ni na yi ta huci ina cewa ai ya kamata a san wanda ya zo. Yaya ta ce, "Bukar, zauna. Nan ba a san malami ba, ciwo aka sani."

Tsohon ya duba idonta da tafin hannunta, ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ya daɗe hannunsa yana wurin. Sannan ya ja ni gefe. Maganarsa ba ta fita kaina ba har yau.

"Malam, magani ya yi nasa ya gama, saura jinya. Ku kai ta inda take so ta kwanta, ku ba ta abin da ranta ya ce. Kada ku ƙara yarda wani ya tsaga ta."

Na miƙa masa zakaran da muka zo da shi, ya ce a mayar a yi mata romo. Allah Ya jiƙan tsohon nan. A cikin duk waɗanda suka taɓa ta, shi kaɗai ya gaya mana gaskiya, kuma shi kaɗai bai karɓi komai ba.

Na so ta zauna a gidana. Matata Hajara ta share mata ɗaki ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Yaya ta kwana ɗaya ta ce sai gida, wai ba ta iya barci inda ba ta jin warin banda. Na ce a raina taurin kan mutanen ƙauye ne. Na raka su bakin ganuwa na ce ina nan tafe bayan Juma'a. Kafin Juma'ar ta zo kurkunu ya fito mini a ƙafar dama, bayan kwana uku wani ya fito a ta hagu. Wanda ya taɓa yin kurkunu ya san zancen: kullum a naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, ba a ja da ƙarfi, don in ya tsinke a ciki ƙafa ta tashi ke nan. Ina kwance ina wannan fama ruwa ya zo, fadama ta cika har ba a ganin hanya.

Labarinta sai ya koma ina jinsa a bakin Baba Maina, tsohon masunci maƙwabcinmu a ƙauye, wanda yake kawo kifi birni a kwalekwalensa duk ranar kasuwa. Shi ya gaya mini irin jinyar da Kande take yi. Ta zuba rairayi mai laushi ƙarƙashin tabarmar uwar, tana sakewa kullum. Tana juya ta safe da rana da yamma, tana shafa mata man kaɗanya a baya don kada kwanciya ta ci ta. Kunu kuwa ludayi ɗaya sai a yi rabin hantsi ana lallashi. Matan maƙwabta suka raba yini tsakaninsu, wannan ta ɗebo ruwa, waccan ta wanke zannuwa, wata ta zauna da mafici tana korar ƙuda. Har gwaggon nan mai zancen sammu, ita ce take wanke kaskon bayan gida ba wanda ya sa ta. Na yi mata mugun zato a da, na janye.

A mako na bakwai Baba Maina ya shigo zaurena, ya ajiye mini karfasa biyu, ya zauna ya ƙi tashi. Na san da magana.

"Malam, Kande ta ce in gaya maka, ciwon jiki da sauƙi a kan abin da ke damun uwarta."

"Mene ne?"

"Tsoro take ji. In lokacin salla ya yi aka yi mata taimama, sai ta kama kuka. Wai da me za ta je gaban Ubangiji, tunda Bukar ya ce ba ta da salla."

"Ni? Yaushe na ce haka?"

Baba Maina ya dube ni ya ce, "Ina wurin, Malam. Shekarar da ka dawo daga gabas."

Sai abin ya faɗo mini. Shekara ashirin da wani abu ke nan. Na dawo da karatu a ka da sabon rawani, ina ganin duk ƙauyen nan ba wanda ya iya alwala. Da magariba na ji Yaya tana salla a tsakar gida, tana karanta Fatiha yadda ta koya a bakin innarmu, nan ta haɗiye harafi, can ta haɗa aya biyu, wani wurin ma kamar Barbarci take yi. Ta sallame, ni kuwa a gaban mutane na ce, "Yaya, wannan ai ba salla ba ce, ruwan alwala kawai kike ɓatawa." Na zaunar da ita kwana biyu ina gyara mata, harshe ya ƙi juyawa, na gaji na bari. Na koma birni na manta. Ita ba ta manta ba. Baba Maina ya ce tun daga ranar take shiga ɗaki ta saki asabari in za ta yi salla, kuma ba ta taɓa fasa aiko mini da banda ba. A zaune a zauren nan na gane abin da ya hana ta zama gidana, ba warin kifi ba ne, gudun kada in ji karatunta ne. Kunya ta rufe ni har na kasa duban tsohon.

Ƙafa ba ta takuwa, amma hannu lafiya lau, kuma wasiƙa ce sana'ata. Na ce zan rubuta mata abin da zai kwantar mata da rai. Takardar da nake da ita duk ta sha laima, ga shi za a bi da ita cikin kwalekwale a tsakiyar marka, sai na ce allo ya fi ƙarko. Na ɗauko babban allona na wanke na shafa masa farar ƙasa, na dama sabuwar tawada da ƙaro mai kyau, na fiƙe alƙalami.

Ni da nake gama wasiƙar falke kafin ya gama cin goronsa, kwana uku na yi a kan wannan. Da fari na zuba Larabci da maganganun malamai, na duba na ga wannan ai wani sabon rawanin ne nake naɗa mata, na wanke. Na biyu ya fito kamar ta'aziyya, alhali matar tana da rai, na wanke. Na uku na rubuta da Hausa, yadda limamin ƙauye zai karanta mata ta gane. Ban manta abin da ke ciki ba. Bayan gaisuwa na ce:

"Yaya, maganar da na faɗa miki shekarar da na dawo, maganar yaro ce da karatu ya hau masa ka, ba maganar Allah ba ce. Kin yi iyakar abin da harshenki zai iya, Wanda kike kira kuwa Ya san muryarki tun kafin a haife ni. Kin goyi maraya, kin ciyar da shi, kin kai shi karatu. Duk harafin da na karanta daidai, da hayaƙin da ya shiga idonki aka saye shi. Kada ki ji tsoro. Ki yafe mini."

Na cika gaba da bayan allon da irin wannan, na yi masa zayyana a gefe don ta ga kyau. Na naɗe shi cikin fatar akuya na ɗaure tam. Ranar kasuwa na miƙa wa Baba Maina na ce, "Ka kai wa Yaya." Iyakar abin da na ce ke nan. Shekarun da na yi a birni ina ba fatake wasiƙa sun sa na ɗauka duk wanda ya ga rubutu ya san a karanta ake yi.

Kasuwa ta zagayo, sai ga Baba Maina da fara'a, ya kwance fata ya miƙo mini allona fari tas.

"Kande ta ce a gode maka, Malam. Ta shanye duka. Kashi uku aka yi mata, aka sa ɗan zuma saboda ɗaci."

Na ce, "Ta sha me?"

"Rubutun mana."

Na manta da kurkunu na yunƙura zan miƙe, azaba ta mayar da ni. Na ce wasiƙa ce, wasiƙa! Kwana uku ina rubutawa! Ba liman a garin ne? Ba wanda ya yi tunanin a kai masa ya duba? Na faɗi maganganu a kan mutanen ƙauyenmu waɗanda ba zan maimaita a nan ba. Tsohon ya bar ni na gama, sannan ya ce,

"Malam, kai malami ne. Ita marar lafiya ce. Ka aiko allo cike da rubutu, ba ka ce komai ba. Me kake so a yi da shi, a yanka kifi a kai?"

Ko ni aka kawo wa allo daga hannun malami ina kwance, ƙwarya zan nema. Na tambaye shi yaya jikin nata. Ya ce ta daina karɓar kunu, sai ruwa, kuma ba ya jin za ta ga kasuwa biyu nan gaba. Na dubi allon. In na sake rubutawa, kwana nawa ke nan, kuma ko an karanta mata, muryar liman za ta ji, alhali bakin da ya yi ɓarnar yana nan birni a kwance.

Na ce wa Baba Maina gobe da safe tare za mu koma. Hajara ta ce ban isa ba, in kurkunun ya tsinke a hanya wa zai yi jinyar wa. Na ce in ya ga dama ya tsinke. Da ta ga ba zan ji ba, ita da kanta ta naɗe mini ƙafafun da ganye da tsumma, ta rufe da fatar nan da aka naɗe allon, ta ɗaura mini ɗan tulun zuma in kai wa Yaya.

Aka ɗora ni a jaki zuwa mashaya, aka kinkime ni aka sa a kwalekwale. Rabon da in ga fadamarmu a cike na manta. Ruwa ya shafe gonaki, shinkafa ta fito da kai, bado ya rufe ko'ina, itatuwan goriba tsaye cikin ruwa har gindi. Ban ji daɗin kallo ba, ina ta roƙon Allah kada in iske an fito da ita. Da muka kusa tudu ruwa ya yi ƙasa, kwalekwale ya ƙi gaba. Baba Maina, mutumin da ya yi sa'an ubana, ya duƙa ya ce in hau. Haka Malam mai wasiƙa ya shiga garinsu a goye, rawani a karkace, mata suna leƙe ta kan danga suna dariya.

Kande ta tare ni a ƙofar ɗaki. Ta rame ita ma, idanunta sun faɗa.

"Kawu, sannu da hanya. Wallahi rubutunka ya yi aiki. Tun ranar da ta sha ba ta ƙara kukan nan ba."

Na shiga da jan gindi. Yaya tana kwance kan tabarma, ba abin da ya rage sai ciki da idanu. Ta daɗe tana dubana sannan ta ce, "Bukar, wa ya goyo ka?"

"Baba Maina."

"Har yanzu ba ka daina hawa bayan mutane ba."

Na kama hannunta, na ce ya jiki, ta ce da godiya. Ta ce, "Na sha rubutunka. Shekara ashirin kana yi wa mutanen birni, ni ba ka taɓa yi mini ba, ni kuma ban taɓa roƙo ba. Da na ga allonka, na ce ashe Bukar bai fid da ni daga cikin Musulmi ba. Sai na ji raina ya kwanta."

Na so in bar ta a haka. Amma abin da ta samu rabi ne, ni kuwa na san sauran. Na ce, "Yaya, ba rubutun sha ba ne. Wasiƙa ce na rubuto a karanta miki."

Kande ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Kawu!" Yaya kuwa sai kafaɗunta suka soma rawa. Na tsorata, ashe dariya take yi, ba ta da ƙarfin fitar da ita.

"Shi ya sa na ji ɗaci," in ji ta. "Ashe maganarka ce. To me ka ce a ciki?"

Duk jerin kalmomin da na yi kwana uku ina gyarawa suka watse. Na ce, "Na ce ƙarya na yi miki. Sallarki salla ce. Allah Yana jin ki, Ya fi jin ki a kaina. Ki yafe mini, Yaya." Daga nan na kifa kai a gefen tabarmarta ina kuka kamar ran da aka yaye ni.

Ta ɗora hannu a kaina. "Duk tawadar nan da na sha, ɗan wannan ne a ciki? Na yafe, Bukar. Tun kana goye nake yafe maka, yau ne zan fasa?"

Muna nan aka kira la'asar. Kande ta kawo ƙasa a faifai ta yi mata taimama, ta juya ta ta fuskanci gabas, sannan ta miƙa hannu za ta saki asabari, ta dube ni alamar in ba su wuri, yadda aka saba. Yaya ta ce, "Bar shi a buɗe. Bukar, zauna nan ka ji."

Ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta, wanda bai wuce raɗa ba, ta karanta Fatiha. Inda take haɗiye harafi ta haɗiye, inda take haɗa aya biyu ta haɗa, ba abin da ya sauya tun daga bakin innarmu. Ni da ban taɓa jin kuskure na bar shi ya wuce ba, ko na liman ne a masallaci, na ji kowane ɗaya ya zo ya wuce, ban motsa leɓe ba. Da ta kai ƙarshe ta ɗan tsaya, ta juyo da ido wajena tana jira. Na ce amin da ƙarfi, har na tsakar gida suka ji.

Ta yi kwana uku bayan wannan, tana lasar zuman Hajara a yatsan Kande, kuma ba a sake sakin asabarin nan ba. A rana ta huɗu da hantsi ta cika, Kande tana riƙe da kanta, ni ina riƙe da ƙafafunta. Ni na yi mata salla a zaune, don ƙafa ba ta ɗauke ni ba. Kurkunun hagu ya tsinke a hanyar dawowa kamar yadda Hajara ta faɗa, na yi wata uku a kwance, shi ya sa kuke ganina ina ɗingishi har yau. Ban taɓa jin haushin ɗingishin nan ba.

Allah Ya saka wa Kande da Aljanna, Ya jiƙan Baba Maina da tsohon wanzami da matan ƙauyenmu, har da gwaggo. Ku kuma da za a karanta muku wannan, in naku ya kwanta kwanciyar da ba tashi, kuna da maganar da za ku gaya masa, ku je ku faɗa da bakinku, ko da a goye za a kai ku. In kuwa dole sai kun rubuta, ku gaya wa ɗan aike a karanta.

Allon yana nan rataye a zaurena. Ban sake rubutu a kansa ba.